Yanda muka yi fama da kuɗin cizo, kyankyaso da gara a gidan haya a Legas, da hanyar da muka bi har aka samu sauƙi

Assalamu alaikum. Na yi wannan rubutun ne saboda 'yan uwanmu da suke ɗauko iyali daga Arewa su kawo su Legas ko Fatakwal, su kama haya, damina ta sauka su rasa inda za su sa kansu da ƙwari. Ni harkar albasa nake yi a kasuwar Mile 12, na daɗe ina zuwa ina komawa, amma sai farkon 2023 na kawo maman yara da yaranmu biyu daga Kano, muka kama ɗaki biyu da falo a ƙasan wani gida mai 'yan haya takwas. Watan Janairu na je ganin gidan, ko'ina a bushe, fenti sabo, kwatar ƙofar gida ba ko ɗigon ruwa, wallahi babu abinda zai nuna maka da matsala. Na biya kuɗin shekara da na ejan da na yarjejeniya aka miƙo min makulli. To gidan Legas a Janairu daban yake da gidan Legas a Yuni. Nan damina tun wajen ƙarshen Maris ko Afrilu take farawa, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta kuma dawo a Satumba da Oktoba, kuma ko ba a ruwa iskar ma kanta da laima take, takalmin da ka ajiye a ƙasan wadirof sai ka ɗauko shi da funfuna. Mu da muka saba damina ta wata huɗu sai rani ya zo ya ƙone komai, wannan abin ba ya cikin lissafinmu.

Cikin azumi aka fara ruwa. Wani dare bayan an ɗauke ruwa muna zaune a falo sai ga shinge sun cika ɗaki suna zagaye ƙwan lantarki, yara har murna suke, ni ma na ɗauka daga waje suka shigo kaman yanda suke yi a gida bayan ruwan farko. Da safe maman yara tana shara ta kira ni ta ce, "Maigida zo ka gani, fukafukan nan duk a gindin ƙofar ɗakin yara suka taru, ba a bakin taga ba." Na duƙa na duba sai ga wani siririn layin ƙasa ya taso daga siminti ya bi jikin katakon ƙofar ya yi sama, na sa makulli na ƙwanƙwasa katakon na ji shi fanko, ina ɗan dannawa ya lotsa, gara farare suka watse. Wato fentin ne kawai ya rage a waje, ciki an cinye. A satin kuma kyankyasai suka fara, manyan nan jajaye masu tashi, da daddare daga ramin ruwan banɗaki suke fitowa, sai kuma wasu 'yan ƙanana masu ruwan ƙasa a kicin, bayan firij da cikin durowar cokula. Muka sayi maganin fesawa na gwangwani a shago, wanda ya samu a fili ya mutu, washegari wasu sun fito.

Abinda ya tada min hankali sosai shi ne bayan ƙaramar sallah da ƙaramin yaronmu ya fara tashi da ƙuraje a wuya da damtse, jajaye, a jere uku uku ko huɗu, yana susa har ya fasa, barci ya gagare shi, uwarsa ma ba ta barci. Muka fara da kemis ɗin unguwa, mai kemis ya ce ƙila ruwan wanka ne bai karɓe shi ba, ya bamu man shafawa da maganin ƙaiƙayi na ruwa, wajen naira 2,500. Ba canji. Sai muka kai shi ƙaramin asibitin gwamnati na kusa da mu, muka yanki kati, muka zauna a benci tun safe har kusan azahar saboda ranar rigakafin yara ce layi ya yi tsawo. Aka yi mishi gwajin maleriya na tsinke a yatsa, babu. Wata nas dattijuwa ta ɗaga rigarsa ta duba bayansa da kyau, ta tambaya ko a gidan sauro yake kwana, muka ce eh, ta ce to in yana cikin gidan sauro kuma cizon a jere yake a wuraren da suke taɓa katifa, ku je ku duba ɗinkin katifar da lungunan gadon da tocila, da tsakar dare, kar ku kunna fitilar ɗaki sai kun isa kan gadon. Allah ya saka wa matar nan da alheri. Daren muka yi yanda ta ce, ina ɗaga gefen katifa na ga ɗige-ɗige baƙaƙe kaman an yayyafa tawada a kan ɗinkin, ga 'yan ƙwai farare a maƙale, ga su nan kansu suna gudu suna shigewa tsagar katakon gado. Kuɗin cizo. Maman yara ta zauna a ƙasa tana hawaye, ita abin kunya ta ɗauke shi, tana cewa yanzu sai a ce ƙazama ce, alhali mace ce da ko cokali ba ta bari ya kwana ba wanki. Ina so mata su ji wannan da kyau, kuɗin cizo jini yake bi, ba datti ba, a jakar matafiyi yake zuwa, a kujerar gwanjo, a kujerar motar dare, ko ya biyo tsagar bango da ramin soket daga ɗakin maƙwabci.

Muka yi irin ta gida, a fitar da katifa a shanya, a kwara wa gado tafasasshen ruwa. A Kano cikin Afrilu da zafi ke haura digiri 40, katifa ta wuni a kan siminti ta juyu, abin yana ragewa sosai. A Legas cikin Mayu da Yuni kuwa ka fitar da ita da hantsi kafin azahar hadari ya haɗo, ka kwaso ta da gudu ta ƙara shan laima. Sai shawarwari suka fara zuwa ta ko'ina. Wani ya ce in sayi Sniper in haɗa da kananzir in fesa a katifa da bango, in rufe ɗaki, wani ya ce fiya-fiya ta fi, wani kuma a kasuwa ya ce ai ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake ita ce ƙarshen magana, ka ajiye biyu a ƙarƙashin gado ka ja ƙofa. Akwai wani dattijo ɗan garinmu mai harkar wake da hatsi, Kawu muke ce mishi, yana jin haka ya kira ni gefe ransa a ɓace ya ce, "Ɗana, kar ka kuskura ka shigar da ƙwayar nan gidan da mutum yake kwana. Mu da muke aiki da ita a sito ma sai mun rufe mun bar wurin kwanaki. Iskar da take fitarwa ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya, ta silin take bi ta shiga na maƙwabci, kuma in ta kama mutum babu maganin karya ta." Gaskiya ya faɗa, sinadarin da ke cikinta da ya sha laima yake sakin iska mai guba, kuma Legas laima ce ko'ina. Shi kuma Sniper maganin gona ne, tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna ta kuma hana ƙananan kwalabensa, saboda yanda mutane suka maida shi maganin ɗaki da yanda yake kashe rayuka. Duk da haka har gobe za ka ga ana tallarsa a baro, kuma mutanenmu suna cikin masu saye da masu sayarwa, abin yana damuna matuƙa.

Na je na samu mai kula da gidan na faɗa mishi komai, ya ce ba damuwa akwai yaronsa mai feshi. Ranar Asabar sai ga wani saurayi da injin feshi na goyo, ba takunkumi ba safar hannu, ya fito da wata gorar ruwa mara takarda ya tsiyaya wani abu mai ruwan madara ya cika da ruwa. Na ce, "Oga, mene ne sunan maganin?" ya ce haɗinsa ne na musamman, sirrin sana'a ne. Naira 6,000 ya karɓa, cikin minti ashirin ya gama, ya ce bayan awa ɗaya mu shiga. Na kwashe iyali muka wuni gidan wani abokina sai dare muka dawo, duk da haka warin yana nan, babbar 'yarmu ta kwana tana tari idonta na ruwa. Kwana kaɗan aka samu shiru, kyankyasai matattu ko'ina, har mun fara hamdala, kafin sati biyu cizo ya dawo jikin yaro, gara kuwa ko gezau. Na nemi ganin mai gidan da kansa, wani dattijo Bayerabe, na gaishe shi da ladabi na ce, "Baba, ƙofar ɗaki gara ta cinye, kuma kyankyasan nan daga sokawe suke." Ya ce shi gida ya bani lafiya lau, ƙwari kuma na wanda ke cikin ɗaki ne. Na duba takardar yarjejeniyar haya, babu layi ko ɗaya da ya ambaci feshi ko gara. Ranar na dawo jikina a sanyaye, ga kuɗin shekara na riga na biya, ga farashin mai ya tashi a ƙarshen watan Mayun nan komai ya ninka, tashi daga gidan ba zai yiwu ba.

Wani maƙwabcinmu malamin makaranta ne ya ce min in je sakatariyar ƙaramar hukuma in nemi sashen lafiyar muhalli, wato duba-gari, su Yarbawa wole-wole suke ce musu. Gaskiya da farko na ji tsoro, mu a tunaninmu duba-gari tara kawai yake cin mutum. Zuwan farko na isa wajen ƙarfe goma aka ce jami'an sun fita zagaye, in dawo da sassafe ko bayan ƙarfe biyu. Da na koma da sassafe na samu wata jami'a cikin kakinsu, na yi mata bayani da ɗan turancin da nake da shi, ta ce magana da baki ba ta isa, sai na rubuto takardar ƙorafi zuwa ga shugaban sashen, in sa cikakken adireshin gidan da alamar da za a gane layin, sunana da lambar wayata, abinda nake gani da tun yaushe, sunan mai gida ko mai kula da shi in na sani. Ta ce in haɗa da hotuna in akwai, kuma in yi kwafi biyu. A bakin sakatariyar akwai masu buga takardu, na ba wani ya buga min ya fitar da hotuna huɗu daga wayata, na ƙofar da gara ta ci, na ɗinkin katifa, na murfin sokawe da na kwata, duka naira 1,500. Na kai, aka buga hatimi a kwafi ɗaya da kwanan wata aka dawo min da shi. Wannan kwafin mai hatimi ku riƙe shi da kyau, shi ne shaidar ka zo, duk lokacin da na koma tambaya shi nake nunawa a nemo fayil ɗin. Ba a karɓi ko sisi a hannuna a kan ƙorafin ba. Na ce, "Madam, yaushe za ku zo?" ta ce damina ce ƙorafi ya yi yawa, za a kira ni. Jiran nan ya fi komai wuya, kusan sati biyu, kullum dare ni da uwar yara muna tashi da tocila muna kakkaɓe shimfiɗar yaro, mun dawo da shi falo kan tabarmar roba, su kuma suka biyo shi falon.

Da suka zo su biyu ne, mace da namiji, ni na biya kuɗin keken da ya kawo su. Na ɗauka ɗakina za su fara shiga, sai suka fara da bayan gida. Namijin ya nuna min murfin sokawe ya tsage ta gefe, bututun da ke fitar da iskar masai kuma ba raga a bakinsa, ya ce nan ne gidan manyan kyankyasan, kuma irin sauron da ke damun mutane da kuka da daddare ma a irin wannan ruwan dattin yake haihuwa. Ya nuna kwata da ta toshe da leda da yashi, tsofaffin tayoyi guda uku a lungu cike da ruwan sama, ya karkato ɗaya sai ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki, ya ce wannan irin na taya da bokiti da rana yake cizo, shi ne mai kawo ciwon shawara da zazzaɓin dengi, shi kuma mai maleriya ya fi son ruwan da ya kwanta a fili bayan ruwan sama, kuma a zafin nan daga ƙwai zuwa sauro mai tashi sati ɗaya ne zuwa kwana goma. A jikin bangon ɗakin yara ta waje akwai tarin tsofaffin katakai na mai gida an jingine su kan ƙasa, ya ɗaga ɗaya, gara fal, ga kuma famfon da ke ɗiga a gindin bangon shekara da shekaru ƙasar wurin ba ta bushewa. Ita kuma matar ta shiga ciki da maman yara, ta duba gado da labule da bayan hotunan bango, sannan ta nemi izini ta shiga ɗakunan da suke jikin namu. A nan ne aka gano ashe kusan rabin gidan suna fama da kuɗin cizo, kowa ya yi shiru saboda kunya, kowa yana fesa nasa a ɓoye, in ka fesa su gudu wurin maƙwabci, in wari ya tafi su dawo. Ta kuma bayyana min dalilin da feshin saurayin nan bai yi ba, ta ce yawancin magungunan ba sa kashe ƙwan, ƙwan kuma cikin kwana shida zuwa goma yake ƙyanƙyashewa, don haka duk feshin da ba a maimaita ba bayan sati biyu aikin banza ne, ga shi kuma sun saba da irin maganin gwangwanin da ake sayarwa, kuma suna iya yin watanni ba su sha jini ba suna raye, kulle ɗaki ka yi tafiya ba ya kashe su.

Kafin su tafi suka rubuta wa mai gida takardar gargaɗi, aka lissafa abinda zai gyara, murfin sokawe, raga a bututu, famfo, kwashe katakai da tayoyi, yashe kwata, aka sa wa'adi, suka ce za su dawo dubawa. Ba zan ɓoye ba, kwanakin da suka biyo baya sun yi min nauyi, Baba ya daina amsa gaisuwata, wasu 'yan hayar suna ganin na jawo musu hukuma za a rufe gida, ni ma ina tsoron a bani takardar tashi. Malamin makarantar nan ne ya tara mu ranar Lahadi da yamma, aka kira Baba aka bashi kujera, na tashi na bashi haƙuri na ce ban kai shi ƙara don in tozarta shi ba, yarona ne ba ya barci, kuma garar da ta ci ƙofa in aka bar ta rufin gidansa za ta hau. Maganar rufin ce ta shige shi. Aka tsaya a kan shi zai yi gyaran gini da maganin gara, mu 'yan haya mu haɗa kuɗin feshin ɗakuna, kuma duk ɗakin da ke gidan sai an yi, har wanda ya ce shi ba ya ganin komai. Jami'ar ta riga ta faɗa min abinda zan tambayi duk kamfanin da za mu kira, lasisinsu na hukumar kula da lafiyar muhalli ta ƙasa, wadda ake kira EHCON, sunan maganin da za su yi amfani da shi da lambar rajistar NAFDAC a jikin kwalbar, farashi a rubuce, da ko zuwa na biyu yana ciki. Mun kira wurare, wanda ya yanka farashi ta waya ba tare da ya ga gidan ba muka bar shi, wanda muka ɗauka sai da ya turo mutum ya zagaya ko'ina, ya bamu takarda kowane aiki da kuɗinsa daban. Nawa kason na ɗaki biyu da falo, zuwa biyu, naira 28,000 ne a lokacin, na gara da Baba ya biya ya haura 100,000. Yanzu na san ya fi haka nesa ba kusa ba.

Shirin kafin feshi ya fi feshin kansa wahala, kuma a nan ne mata suke shan aiki, maza a taimaka. Masu feshin suka bamu takarda, duk zanin gado da labule da kayan sawa a wanke da ruwa mai zafi sosai, sun ce digiri 60, mu dai tafasa muke mu zuba a baho mu jiƙa, in ya bushe a bi ɗinki da dutsen guga, a zuba a manyan ledoji a ɗaure baki, kar a buɗe sai bayan zuwa na biyu. A damina shanya ma aiki ce, sai a falo da fanka. Aka kwance gadaje, aka janye kujeru daga bango, kayan abinci da tukwane da kwanuka da kayan wasan yara duk aka fitar. Ranar feshi suka zo su uku da takunkumi da safa da takalman roba, na ce a nuna min kwalaben na ɗauki hotonsu, ba su yi musu ba. Sun fi awa uku a gidan, suna bin tsagar gado, gindin bango, bayan soket, ƙasan kujeru, katifa kuma tururi suka bi ta da shi maimakon su jiƙa ta da magani. A kicin ba su fesa ba sam, wani abu mai kama da man goge baki suka ɗiɗɗiga a lungunan durowa da bayan firij, suka ce ƙananan kyankyasan nan uwa ɗaya tana ɗauke da jakar ƙwai talatin zuwa arba'in, feshi watsa su yake, wannan kuwa ci suke su koma maɓoya su mutu, kuma suka ja kunnen maman yara kar ta fesa na gwangwani a kusa, in ba haka ba za su ƙi ci. Aka ce mu bar gidan aƙalla awa huɗu, in mun dawo a buɗe tagogi da ƙofofi kafin yara su shiga, a goge tsakiyar ɗaki da duk inda hannu ke taɓawa amma a bar gindin bango. Satin farko mun ci gaba da ganin ɗaya biyu, hankalin maman yara ya tashi, na kira su suka ce haka ake yi, a jira zuwa na biyu. Bayan na biyun ne yaro ya fara kwana har asuba ba susa. Suka bamu rasit da takardar shaidar feshi mai kwanan wata da sunan maganin, na yi kwafi na kai wa duba-gari aka sa a fayil.

Aikin gara da na gini sai da ruwa ya tsagaita a Agusta. Masu maganin garar suka huda siminti a gindin bango ciki da waje, tsakanin rami da rami kaman taku ɗaya, suka ɗura magani da injin, birkila ya bi ya toshe. Kafinta ya cire ƙofar gaba ɗaya, sabon katakon aka shafe shi da maganin katako kafin a kafa, kuma aka ɗan ɗaga shi daga ƙasa da siminti. Da ya leƙa silin ya samu sun fara taɓa katako biyu, aka canza. Baba da ya gani da idonsa ya daɗe yana girgiza kai, daga ranar muka koma gaisawa kaman da.

Yanzu yanda muke tafiyar da shekara a gidan shi ne, aikin gaske a Fabrairu da farkon Maris ake yinsa kafin ruwan farko, lokacin ake yashe kwata har ƙasa, a duba murfin sokawe da ragar bututu, a gyara ragar tagogi, a toshe tsagar bango, a ƙwanƙwasa duk katakon ƙofa da taga a ji, a fitar da katifu tunda akwai rana. In damina ta kankama sai aikin sati sati, ranar Alhamis da safe da kasuwannin Legas suke rufe don shara ba na fita da wuri, ni da samarin gidan mu zagaya mu kifar da duk abinda ya tara ruwa, mu duba durom ko a rufe yake. Ramin ruwan banɗaki da daddare rufe shi muke da murfi, shara ba ta kwana a kicin, wadirof da gado an janye su kaɗan daga bango saboda iska ta ratsa. Tsagaitawar Agusta ta gyaran abinda ruwa ya ɓata ce kafin na Satumba ya dawo. Gidan sauro kuma ba a cire shi ko da hunturu, nan sauro ba ya hutu, in sabo ne a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura, kar a sa shi a rana. Masu zuwa da yara daga Arewa su sani maganin rigakafin maleriya da ake bi gida gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar a damina a Kano da Katsina da Jigawa, tsari ne na yankunan da maleriyarsu ta damina ce, kar ka zauna a Legas kana jiran a ƙwanƙwasa maka ƙofa, yaro ya yi zazzaɓi a kai shi gwaji a ranar.

In za ka kama haya a Kudu, ka yi ƙoƙari ka ga gidan bayan an yi ruwa, in kuma da rani ne ka zagaya baya ka duba sokawe da gindin bango, ka tambayi 'yan hayar da ke ciki ba ejan ba, kuma ka sa a rubuta a yarjejeniya wa zai biya maganin gara da gyaran sokawe. In ka ga ƙwaro ka fara sanin wane iri ne da ta inda yake shigowa kafin ka kashe kuɗi, domin maganin kyankyaso ba ya yi wa gara komai. Ka yi wa maƙwabta magana da wuri ko da kunya, gidan haya ba a maganin kuɗin cizo ɗaki ɗaya. Duk mai feshin da ya ƙi faɗa maka sunan maganinsa kar ka bar shi ya shiga inda 'ya'yanka suke kwana. In kuma tsautsayi ya sa wani ya shaƙi irin waɗannan magungunan ko yaro ya sha, ka ga yawu na zuba, ido na ruwa, amai, numfashi na sarƙewa, a fitar da shi iska a cire mishi kayan da maganin ya taɓa a wuce asibiti da kwalbar a hannu, kar a tsaya ɗura mishi manja ko madara, kar kuma a sa shi amai da gangan, musamman in da kananzir a haɗin.

Baƙi kuma ba ma fasa karɓa, gidan ɗan kasuwa ba ya rabuwa da 'yan uwa masu saukowa daga motar dare. Abinda muke yi, kuma ni ma haka nake yi in na dawo daga Kano, jaka a baranda take tsayawa cikin babbar leda, kayan ciki a wanke da ruwan zafi kafin su shiga ɗaki, baƙo a bashi tabarmar roba da zanin da za a iya tafasawa. Nakan yi wa mutum bayani tun a waya kafin ya iso saboda kar ya ji wani iri, in faɗa mishi abinda yaronmu ya sha, yawanci kafin in gama ma sai ka ji ya ce ai su ma a masaukinsu na kasuwa abin ya ishe su, ya zan taimaka musu da lambar masu feshin.